Gida mai faɗi a nesa ko ƙarami a kusa? Ku taya mu shawara

Maman Nana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa tofawa ba, yau dai tura ta kai bango. Hayarmu za ta ƙare nan da wata uku, kuma gidan ya yi mana kaɗan. Yaranmu biyu, Nana shekara huɗu, ƙaninta wata tara. Ni da maigidan duk a cikin gari muke aiki, shi yana tashi ƙarfe biyar, ni ƙarfe uku. Mota ɗaya gare mu.

Mun zaga mun zaga, mun tsaya a kan gida uku. Na farko yana kusa da inda muke yanzu, ɗaki biyu da falo a saman bene, babu inda yaro zai taka ƙasa, kuma shi ya fi tsada. Na biyu yana wata tsohuwar unguwa a gefen gari, kilomita 18 daga wurin aiki. Ɗaki uku ne, tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, amma tashar jirgin ƙasa tana kusa, na ƙirga minti 12 a ƙafa. Na uku sabuwar unguwa ce can bayan gari, kilomita 41. Ɗaki huɗu, fili har da bishiya, kuɗinsa bai kai rabin na farko ba. Dillali ya ce ana shirin faɗaɗa titin.

Maigidan tun da ya ga na ukun nan bai ƙara maganar wani ba. Tun a mota yake tsara reshen da zai ɗaura wa Nana lilo. Ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, na kuma rasa hujjar da zan ba shi. Waɗanda suka taɓa irin wannan zaman, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Abu Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ki bi mijinki ku kama na uku. Yaro da ya tashi a saman bene kamar tsuntsu ne a keji. Ga fili, ga sauƙin haya, ga iska. Rarar kuɗin nan ku riƙa tarawa, nan da shekara biyar kun fara maganar naku na kanku. Nisa kuma ana sabawa.

Anti Bilki:
Maman Nana, tambaya ɗaya kafin in ce komai. Ranar da kuka je ganin gidan, wace rana ce, kuma ƙarfe nawa?

Maman Nana:
Asabar ce Anti, da hantsi. Minti 40 muka yi.

Anti Bilki:
To ƙanwata, ba ku ga hanyar ba tukuna, kwaltar kawai kuka gani. Ni ma Asabar aka kai ni.

Shekara uku na yi a irin wannan unguwa lokacin 'yan biyuna suna ƙanana. Abin da ba na mantawa shi ne yadda nake sa musu kaya suna barci. In ɗaga hannu ɗaya in zura a riga, in ɗaga ɗayan, yaro bai buɗe ido ba. Takalmansu a mota suke kwana, don in na tsaya neman ƙafa ɗaya minti biyar ya tafi, kuma minti biyar ɗin nan shi ne bambancin isa ƙarfe bakwai da rabi da isa ƙarfe tara. Mu fita da duhu, mu dawo da duhu. Filin da muka koma dominsa, ranar Asabar da Lahadi kawai muke ganinsa da hasken rana, su ma a gajiye. Na shuka fulawa a bakin ƙofa ta bushe, ban san ranar da ta bushe ba.

Ban ce kada ku je ba. Amma ku koma ranar Talata, ku baro can ƙarfe shida na safe, ku kuma bi hanyar da yamma ƙarfe biyar daga wurin aikin maigidan. Gani ya kori ji.

Mai Taswira:
Anti Bilki ta riga ni. Aikina tsara hanyoyi ne, bari in ƙara da lissafi.

Hajiya, ki daina auna gidajen da kilomita, ki auna su da minti, kuma minti na ranar aiki. Mu ce na ukun nan awa ɗaya da rabi ne a lokacin cunkoso. Zuwa da dawowa awa uku ke nan. Kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, ya kama awa 720. Ki raba da 24: kwana 30 cur, dare da rana. Wata guda a kowace shekara kuna zaune cikin mota. Tafiyar kuma kilomita 82 ce kullum, a shekara 19,680, kusan rabin zagayen duniya.

Akwai wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, da ya yi rubutu a 1994 cewa tun zamanin da ɗan Adam yake tafiya a ƙasa, abin da yake kashewa a hanya bai cika wuce awa ɗaya a rana ba, zuwa da dawowa. Shi ya sa tsofaffin birane faɗinsu ba ya wuce abin da ƙafa za ta ratsa cikin awa guda, wajen kilomita biyar. Da aka samu jirgi da mota sai birane suka buɗe, amma awa ɗayar tana nan. Wanda ya ninka ta uku, daga wani wuri yake yanko sauran, ko daga barci ko daga iyali.

Abu Sadiƙ:
Malam, ai ta faɗa za a faɗaɗa titin. In aka yi, duk lissafin nan naka ya rushe.

Ɗan Tasha:
Wa ya faɗa? Dillali. Dillali ko rami ya nuna maka zai ce ana shirin mayar da shi wurin ninkaya.

Mai Taswira:
Malam Abu, mu ma ɗauka an faɗaɗa ɗin. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, sun bi alkaluman biranen Amurka na shekaru masu yawa. Abin da suka gano shi ne, gwargwadon yadda aka ƙara manyan tituna, gwargwadon yadda tuƙi yake ƙaruwa, kusan kunnen doki. Dalilin ba boyayye ba ne. Titi ya yi sauƙi, sai wanda yake hawa bas ya fito da motarsa, wanda yake sammako ya daina, masu gini su cika gefen hanyar da sababbin gidaje irin wanda aka nuna wa su Maman Nana. A birnin Houston akwai titin Katy, an gama faɗaɗa shi a 2008, a wani wurin layi 26 ne in ka haɗa da na gefe. Cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo.

Kuma kafin a kai ga haka, aikin faɗaɗawar kansa shekaru yake ɗauka, a lokacin kuwa rabin titin a rufe yake. Wa zai sha wannan ƙurar? Wanda ya tare yanzu.

Abu Sadiƙ:
Kullum sai a kawo mana Amurka. Ni dai shekara shida ina zaune nesa da gari, ban mutu ba, 'ya'yana kuma sun san kalar ƙasa.

Ummu Hanif:
Yaya Abu, da girmanka, maiɗakinka tana fita aiki cikin gari kullum?

Abu Sadiƙ:
A'a, makarantar da take koyarwa tana cikin unguwar.

Ummu Hanif:
To ka ga ba ɗaya ba ne. Kai kaɗai kake biyan nisan, yaranka suna da uwa a kusa. Su Maman Nana su biyu ne za su bar unguwar da mota ɗaya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ɓangaren yara. 'Yar'uwa, abin da ya kamata ki zauna ki warware shi ne ina yaran za su wuni. Hanya biyu ce kawai. Ko ki ajiye su kusa da gida, ko ki taho da su kusa da aiki. In kusa da gida ne, ranar da aka bugo miki waya ƙarfe goma sha ɗaya cewa jikin ƙaramin ya yi zafi, ku duka biyun kuna nisan kilomita 41, kuma makullin motar yana aljihun mutum ɗaya. In kuma kin taho da su, jaririn wata tara zai riƙa yin awa uku ɗaure a kujerar mota kullum. Ke kin tashi ƙarfe uku, maigida sai biyar. Awa biyun nan a ina za ki zauna da yara biyu?

Sai barci. Yaro ɗan shekara uku zuwa biyar yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda, har da na rana. In za ku fita ƙarfe shida, Nana za ta tashi biyar, ke nan ƙarfe bakwai na yamma ya kamata a ce ta kwanta. Ku kuma shida da rabi kuke shigowa. Yaushe aka yi wanka, yaushe aka ci abinci, yaushe aka hau lilon?

Abu na ƙarshe, ki nemi asibitin da yake karɓar yara da tsakar dare, ba wanda allonsa ya ce haka ba, wanda in kin je ƙarfe biyu za ki tarar da mutum a farke. Ki ƙirga mintinsa daga ƙofar kowane gida cikin ukun. Numfashin yaro in ya sarƙe ba ya jiran gari ya waye.

Maman Nana:
Wallahi Ummu Hanif kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Maganar awa biyun nan ce take cina ban iya faɗarta ba.

Baban Nana:
Assalamu alaikum. Ni ne maigidan da ake magana, wani abokina ne ya turo mini. Maman Nana, ashe ƙarata kika kawo gaban jama'a.

Ɗan Tasha:
Jama'a a gyara zama, wanda ake tuhuma ya iso.

Baban Nana:
Ba komai, gara da aka yi a nan, a gida in na fara magana sai ƙaramin ya farka. Ku ji nawa ɓangaren. Ba lilo ne kawai ba. Hayar gida na farko za ta cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na abin da muke samu mu biyu. Shekara shida muna aure ba mu ajiye komai ba. Ni na yarda in sha wahalar hanya in dai za mu ga rara a ƙarshen wata. Laifi ne?

Usta Bakanike:
Ba laifi ba ne Alhaji, amma rarar ba ta kai yadda kake gani ba, wani kason nata nawa ne. Motar da take cin kilomita dubu 20 a shekara a kan hanyar aiki kaɗai, juye za ka riƙa yi akai-akai, taya ba za ta yi maka daɗewar da ka saba ba, ga birki, ga kuloci in mai giya ce, don tsaya-tafi na gosulo ya fi doguwar tafiya cin mota. Ban ma zo kan mai ba. Kuma ranar da ta kwana a wurina, da me za ku fita ku huɗu? Yawancin waɗanda na sani da suka koma irin wannan wuri, shekara ba ta rufawa sai sun nemi mota ta biyu. Daga nan rara ta zama labari.

Mai Taswira:
Usta ya faɗi gaskiya. An saba cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da gida yake samu. Wata cibiya a Chicago, Center for Neighborhood Technology, ta ce wannan ma'aunin gurgu ne, a haɗa haya da kuɗin zirga-zirga wuri ɗaya, kada su biyun su wuce kashi 45. Alhaji, ka ɗauki takarda ka yi wa gidajen uku wannan haɗin. Zai yiwu na ukun ya ci gaba da zama mafi sauƙi, ban musa ba, amma tazarar za ta matse.

Akwai kuma binciken Alois Stutzer da Bruno Frey na 2008, da suka yi da bayanan mutanen Jamus. A ƙa'ida, wanda ya yarda da doguwar hanya ya kamata a ce gida mai kyau ko albashi mai tsoka ya biya shi. Sai suka tarar masu doguwar hanya sun fi nuna rashin jin daɗin rayuwa, wato cinikin bai biya su ba. Babban falo, wata biyu ka saba da shi ka daina ganinsa. Cunkoso kuwa ba a sabawa da shi, domin na yau daban, na gobe daban.

Hajiya Turai:
Tun da ana kawo bincike, ni ma na taɓa karanta na wata mata a jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin, Erika Sandow, a 2011. Ta ce ma'auratan da ɗayansu yake doguwar tafiya zuwa aiki sun fi sauran fuskantar rabuwa da kashi 40 cikin ɗari.

Abu Sadiƙ:
Subhanallah. Hajiya, mutane sun zo neman shawarar gida kina kawo musu maganar saki? Ni da nake nesa aurena lafiya lau.

Hajiya Turai:
Allah ya ƙara dankon ƙauna, Malam. Ban yi wa kowa baki ba. Abin da nake nufi, in mutum ya dawo a gajiye kullum, aikin gida da na yara kan mutum ɗaya yake komawa, kuma mun san ko wace ce.

Shugabar Zaure:
Don Allah a tsaya kan maganar gida. Hajiya Turai ta yi bayani, Malam Abu an ji naka. A wuce wurin.

Abban Yusra:
Ni ina ɓangaren Abu Sadiƙ, amma da sharaɗi. Ina zaune nesa fiye da kilomita 41 ma, kuma ban yi nadama ba. Sai dai kwana biyu kawai nake shiga ofis a mako, sauran a gida nake aiki ta intanet. Kuma jirgi nake hawa. Minti 50 a jirgi ba ɗaya ba ne da minti 50 a bayan sitiyari: ina karatu, ina amsa saƙonni, wani lokaci in yi gyangyaɗi. In na sauka ina da sauran ƙarfin ɗaukar 'yata. Da a ce tuƙi nake yi kwana biyar, da tuni na tattara.

Shi ya sa nake mamakin yadda kowa ya tsallake gida na biyu. Shi ne kaɗai ya raba ku da dogaro da mota ɗaya. Maman Nana ta tashi ƙarfe uku ta hau jirgi, Baban Nana ya taho da mota, ko a juya. Amma ku bincika abu uku a tashar: minti nawa ne tsakanin jirgi da jirgi da safe, ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi, kuma ranar da bai zo ba akwai bas da take bin hanyar? Jirgin da yake zuwa duk minti goma, ba ka buƙatar duba agogo. Wanda yake zuwa sau ɗaya a awa, shi zai riƙa juya rayuwarka. Ku tsaya a dandamalin ƙarfe bakwai ku gani ko mace mai goyo da yarinya a hannu za ta iya kutsawa.

Anti Bilki:
Kuma tsohuwar unguwa tana da abin da sabuwa ba ta da shi: an riga an san halinta. Makaranta tana nan, kanti yana nan, an san layin da ruwa yake kwanciya. A sabuwa komai "za a yi" ne. Mu da muka tare, maƙwabcinmu na dama kango ne, na hagu fili. Ranar da nakuda ta kama wata baiwar Allah a layin bayanmu, mijinta yana cikin gari, sai da ta aiki ɗanta ɗan shekara bakwai ya yi ta buga ƙofofi kafin a samu gida mai mutum a ciki. Mai ƙananan yara maƙwabci yake buƙata kafin fili.

In kun koma, ku dubi gindin katangu. In kun ga layin da ruwa ya bari, ko an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ku tambayi dalili. Kada ku tambayi dillali ko mai gidan. Ku nemi wata mata mai shanya a layin.

Ummu Hanif:
A ƙara da titin ƙofar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A taron ƙasashen duniya kan kiyaye haɗarin hanya da aka yi a Stockholm a 2020 an nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 cikin awa duk inda motoci suke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Minti 12 ɗin nan zuwa tasha, akwai gefen da mai ƙafa zai bi? Akwai babban titin da za a tsallaka? Nana ba za ta daɗe ba za ta fara fizge hannu.

Baban Nana:
Na ji. Jibi Talata, zan ɗauki rabin yini a wurin aiki. Za mu kwana gidan wani abokina da yake can kusa da na ukun, mu fito ƙarfe shida da yaran gaba ɗaya, yadda za a riƙa yi in mun tare. Laraba mu gwada na biyu. In na ukun bai wuce awa ɗaya ba, Maman Nana, kin yarda?

Maman Nana:
Na yarda, Baban Nana. Jama'a ku ne shaida.

Ɗan Tasha:
Ni na riƙe agogo.

Baban Nana:
To, ga rahoto. Mun fito shida da minti goma, saboda an nemi takalmin Nana. Anti Bilki, na tuna ki. Kilomita 30 na farko lafiya lau, har na fara yi wa Maman Nana murmushi. Daga wata mahaɗa da hanyoyi uku suke zubowa cikin ɗaya, sai muka tsaya. Ina hango dogayen benayen cikin gari ta gilashi, minti 50 ina hangensu. Hangen Dala ba shiga birni ba. Ƙaramin ya yi kuka har ya gaji ya yi barci, Nana ta ce fitsari a inda ba wurin tsayawa. Na sauke su takwas saura minti biyar, ni na shiga ofis takwas da kwata. Da yamma awa ɗaya da minti 35.

Na biyu kuma ba aljanna ba ce. Minti 12 na Maman Nana, da Nana a hannu minti 21 ne, don sai ta gaisa da kowace kyanwa. Akwai titi ɗaya da za a tsallaka, amma da danja. Jirgi duk minti 15, tafiyar minti 25, mun samu wurin zama da ƙyar. Ƙofa zuwa ƙofa awa ɗaya ba kaɗan.

Abu Sadiƙ:
Rana ɗaya ba ta isa hukunci ba. Wataƙila haɗari aka yi a gaba.

Baban Nana:
Na tambayi mai sayar da kati a mahaɗar, Malam Abu. Ya ce yau ma da sauƙi.

Maman Nana:
Ni yanzu damuwata da na biyun ƙarar jirgi ce. Muna cikin ɗakin baya ya wuce, na ji tagar tana rawa. Ɗakin da za mu sa yaran ke nan.

Mai Taswira:
Wannan abin dubawa ne, Hajiya. Ofishin Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da shawara a 2018 cewa da dare ƙarar jirgin ƙasa kada ta wuce desibel 44 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), ta motoci 45, saboda barci. Akwai manhajojin waya masu auna ƙara, ba su kai na'urar gaske ba amma za su ba ki haske. Ki koma da dare ki tsaya a ɗakin, taga a rufe, sannan a buɗe. Ki tambaya ko jiragen kaya suna bin layin, don su ne masu wucewa da tsakar dare, kuma sun fi nauyi. In ɗakin gaba ya fi shiru, ku ba yaran shi ku ɗauki na bayan. Tagar da take rawa kuma sau da yawa gilashin ne ya saki a jikin firam, a sa mai gidan ya gyara kafin ku biya.

Maman Nana:
Mai gidan ya ce mu zo Juma'a ƙarfe tara na dare, zai ba mu makulli mu zauna awa ɗaya. Dillalin na ukun kuma ya kira sau huɗu yau, wai wani ya zo da kuɗi a hannu.

Ɗan Tasha:
Wannan "wani" ɗin ya shekara goma yana yawo da kuɗi a hannu, har yau bai samu gida ba.

Baban Nana:
Usta, ko ka san mai walda? Na auna tsakar gidan na biyun da taku, shida ne a huɗu. Ina so in ji ko ƙarfen lilo zai shiga ba tare da ya tare igiyar shanya ba.